Jirgin Malam Haliru da Man Zurmar Inna Hajo

Ban taɓa mantawa da ranar da jirgin Malam Haliru ya faɗo a Kebbe ba, ko da yake na daɗe ina so in manta. Na kwance injuna manya da ƙanana a rayuwata, amma wanda ya fi ba ni kunya bai kai ƙwan kaza girma ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikina kafin in bar muku garejin nan, wannan zan ba ku, ko da yake ba abin yabo na yi a ciki ba.

A lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, Jihar Arewa tana guda, yawancin ayyukan ƙasa kuma a hannun En'e suke, wato hukumar sarakuna. Ina aiki a ƙaramin garejin ma'aikatar ayyuka da ke Tambuwal. Mu ke kula da injunan famfon rijiyoyi, da babbar mota guda, da injin gyaran hanya, tun daga Dogon Daji har Kebbe da Fakku. Ga waɗanda ba su riski tsarin ba, mutum yakan fara ne a lebura, ya koma mai miƙa wa makaniki sufana, sannan ya zauna jarrabawar sana'a ya zama makaniki mai daraja ta uku. Daga nan sai ta biyu, sai ta ɗaya, sai foman. Fomanmu, Malam Isa, a Sakkwato yake zaune, sau ɗaya a wata yake zagayowa. Tsohon soja ne, a garejin soja ya koyi aiki, ba shi da yawan magana. Ƙa'idar aiki ita ce duk abin da ya shigo gareji sai an buɗe masa kati, a rubuta abin da aka tarar da abin da aka yi, makaniki ya sa hannu. Ni ina daraja ta biyu, ina jiran jarrabawar ta ɗaya a ƙarshen shekara. Mutane na cewa Ummaru da kunne yake gyara, ya ji ƙarar inji ya gaya maka ciwonsa. Na ji wannan magana har ta shiga kaina.

Malam Haliru shi ne hedimastan babbar firamare ta Tambuwal, amma mutumin Kebbe ne. An tura shi kwas Ingila, ya dawo da wani dogon kwali. A ciki akwai 'yan katakai marasa nauyi, da takarda mai shara-shara, da ɗan inji, da akwatin rediyo mai eriya da maɓalli ɗaya tak. Ya yi wata da watanni yana haɗawa yana liƙawa, har abin ya zama jirgin sama, faɗin fikafikansa kamar mutum ya buɗe hannuwansa biyu. Idan jirgin yana sama, mai shi yana ƙasa da akwatin. In ya danna maɓalli sau ɗaya jirgin ya karkata dama, in ya danna sau biyu ya karkata hagu. Malam bai taɓa tuƙa irinsa ba. Abin da yake da shi sai wani ɗan littafi na Turanci da ya zo cikin kwalin.

Wata rana cikin damina, bayan la'asar, ya shigo gareji da wani abu a naɗe cikin hankici.

Ya ce, "Ummaru, mara lafiya na kawo maka."

Ya kwance hankicin. Na ɗauka na juya a tafin hannuna, na ce, "Malam, wanga inji na ko abin wasa?"

Ya ce, "Duka biyu. Kwana goma nika juya farfela, yatsana ya kumbura, ko tari bai yi ba."

An yi sa'a Malam Isa yana gari a makon. Na nemi izininsa. Ya duba injin da kyau, ya ce, "Kayan makaranta na, buɗe mishi kati. Amma ka bi abin da littafin yac ce, don ni kaina ban taɓa kwance irinai ba."

Bari in bayyana muku yadda injin yake, don nan ne gindin labarin. Ba ya shan fetur. Wani irin sifirit yake sha, wanda ba na asibiti ba. Filoginsa ba ya ba da tartsatsi kamar na mota. Wata 'yar waya ce a nannaɗe a ciki, in ka jona batir ta yi ja kamar garwashi, in injin ya tashi ka cire batir, zafin konewa ya riƙe ta. Kafiretonsa kuwa allura ce guda mai zare, ka buɗe mai ya ƙaru, ka rufe ya ragu. Babban abin shi ne ba shi da wurin zuba baƙin mai. Man da ke hana ƙarfe cin ƙarfe a cikin abin shan nasa ake gauraya shi. Yana shiga tare da sifirit, ya shafe fistin, ya fito ta bututun hayaƙi ya ɓata fiffike. In ka ga fiffike ya yi maiƙo bayan tashi, to inji yana lafiya.

Mako guda muka yi, kullum bayan la'asar, Malam Haliru yana karantawa yana fassara mini, ni ina taɓawa. Ciwon ba ɗaya ba ne. Da fari na tarar ya buɗe allura da yawa, mai ya cika injin har farfela ba ta son juyawa. Muka kife shi muka tsiyaye. Sai na cire filogi na jona batir a inuwar hulata, na ga wayar ta yi ja amma dushi-dushi, wato batir ya yi sanyi. Muka sake wani. Ranar nan ya tashi, da wata ƙara kamar an tsokani amyar zuma, leburorinmu suka watse da gudu suna dariya. Amma da zarar an ɗaga hancin jirgin sama sai ya mutu. Na zuba wa tiyon mai ido, na ga 'yan kumfa suna bi ta ciki. Wani ɗan huji ne da ido ba ya gani, iska ke shiga ta nan. Muka yanke wurin. Na ƙarshe ya fi ba mu wuya: yana tashi lafiya, ana cire batir ya mutu. Sai Malam ya ci karo da wani layi a littafin, ya dafe kai. Ashe sifirit ɗin yana zuƙar ruwa daga iska, shi kuwa ya bar gwangwani a buɗe kwana da kwanaki cikin damina. Muka zubar da wannan, muka fasa na biyu, wanda shi ne na ƙarshe da ya zo da shi.

Malam ya sami littafin rubutu ya tsara dokoki da hannunsa. A tace mai da ƙyalle mai tsabta. A toshe gwangwani da an gama zubawa. A tayar da inji da allura a buɗe, yana hayaƙi yana gurnani, a riƙa rufewa a hankali har muryarsa ta washe, sannan a ɗan mayar baya kaɗan don kada ya yi ƙishi ya yi zafi. In an gama a tsiyaye tanki, a ɗiga wa injin mai, a naɗe shi. Sau uku muka tayar da jirgin a filin makaranta. Na farko ya yi tsalle ya dira cikin ciyawa. Na uku ya zagaya fili sau biyu ya sauka lafiya. Daga nan sunana a Tambuwal ya koma makanikin jirgin sama. Ko kasuwa na shiga haka ake kirana, ni kuwa ban taɓa cewa a daina ba.

Da kaka ta yi, sai ga dalilin da ya sa Malam ya sha duk wannan wahala. Za a buɗe sabon aji a Kebbe, iyaye kuwa ba sa son ba da 'ya'yansu. Malam ya roƙi hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni, yana so su gani da idonsu cewa ɗan garinsu, wanda suka san uwarsa da ubansa, ya haɗa abin da ke tashi sama da ilmin da ya samu a makaranta. Hakimi ya yarda, aka sa rana.

Sai dai man da ya zo da shi ya ƙare. Littafin ya faɗi yadda ake haɗawa: sifirit kashi uku, man zurma kashi ɗaya. Sifirit ɗin wani abokinsa mai koyar da kimiyya ya aiko masa daga Zariya. Man zurma kuwa malamin asibiti ya ce ɗan abin da ke gare shi na marasa lafiya ne. Sai Malam ya tuna da Inna Hajo, wata tsohuwa a Kebbe, ƙawar mahaifiyarsa ce tun suna 'yan mata. Mijinta ya rasu, da sana'ar mai take riƙe kanta. Tana yin man gyaɗa tana kaiwa kasuwa, in an roƙe ta kuma takan yi na zurma. Ya aika mata. Da na je Kebbe duba famfo, ya ce in biya in karɓo.

Na tarar da ita a zaure, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Ta miƙo mini kwalba da hannu biyu, an toshe bakinta da totuwar masara, an ɗaure da ƙyallen saƙi.

Ta ce, "Ɗana, kwana ukku nay yi kan man ga. Na soya, na daka, na dafa har ruwan yaƙ ƙone ƙaf, na tace sau ukku. Haliru ya ce sama za shi. To ka ga ban taɓa yin abin da za shi sama ba, kar in ji kunya."

Na yi dariya na ce, "Ba ki jin kunya, Inna."

A hanya na riƙa duban kwalbar. Man yana da kauri, ga wari. Na ce a raina, maganin wankin cikin yara za a zuba wa injin Ingila? Da na dawo na ce wa Malam, "Malam, akwai sabon man mota cikin sito, garau kamar zuma. Mi zai hana mu sa shi?"

Ya buɗe littafin ya nuna mini layin da yatsa. Ya ce, "Ga shi nan, sun ce kada a kuskura a sa man mota. Na zurma kaɗai."

Na ce, "To."

Makon nan yana fama da jarrabawar yara, sai ya bar mini haɗin. Ana jibi tafiya na zauna ni kaɗai a gareji. Ban yi shawara da kowa ba. Na ture kwalbar Inna Hajo can bayan gwangwanaye a kan kantar gareji, na auna sifirit kashi uku, na auna man mota kashi ɗaya, na girgiza sosai har ya yi fari-fari kamar an dama. Nan take na zuba a tanki na gwada. Injin ya tashi, ya yi kamar minti ɗaya lafiya lau, na kashe. Na ce a raina wanda ya rubuta littafin nan bai san mai ba. Nufina sai an gama, an yaba, sannan in gaya wa Malam in ga yadda fuskarsa za ta yi.

Ranar muka isa Kebbe da hantsi a babbar motar ma'aikata. An share wata gona da aka girbe a bayan gari. Hakimi da dagatai suna zaune a inuwa, maza sun kewaye fili, mata suna can gefe a gindin wata tsamiya. Na hangi Inna Hajo a gabansu, ta sha sabon zane. Na ajiye gwangwanin mai a ƙarƙashin mota. Aka yi gaishe-gaishe, hakimi ya yi magana, Malam ya yi magana mai tsawo a kan makaranta. Gwangwanin nan ya fi awa biyu a zaune babu mai taɓa shi.

Da lokaci ya yi na ɗauko na zuba daga sama. Abin da ya gangaro cikin mazurari garau yake kamar ruwan rijiya. Ya taɓa yatsana ya bushe nan da nan, babu santsi ko kaɗan. Na gani. Ina so ku ji wannan da kyau, na gani da idona. Na juya farfela, injin ya tashi, muryarsa ta fito siririya, sama-sama, ba irin wadda na sani ba. Babu hayaƙi. Na shafa fiffike a bayan bututun, a bushe. Ni da ake cewa da kunne nake gyara, kunnena ya gaya mini injin nan yana cin kansa. Da na toshe tiyo da yatsa biyu, da ya mutu, da an jira rabin awa. Amma hakimi yana kallo, gari duk yana kallo, kuma in na tsayar sai na faɗi dalili.

Malam ya sunkuyo ya ɗaga murya saboda ƙara, ya ce, "Ummaru, lafiya dai? Kamar kukan ya sake."

Na ce, "Lafiya lau, Malam. Sabon mai na."

Na ɗaga jirgin na ruga na sake shi. Ya tashi kuwa. Ya haura sama da tsamiyar, ya karkata dama, fili ya kaure da salati da ihu. Na ga wani dagaci ya miƙe tsaye ya dafe rawani. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya yi zagaye ɗaya, ya shiga na biyu, sai kukan ya ƙara sirancewa, ya shaƙe, ya ɗauke ɗif. Irin wannan jirgi in injinsa ya mutu yakan iya saukowa a hankali in an bar shi, amma Malam sabon hannu ne. Ya ruɗe ya danne maɓalli bai saki ba. Jirgin ya juya, ya sake juyawa, ya nufo ƙasa da ka, ya daki kututturen wata bishiya a bakin gonar. Fiffike ɗaya ya yi nan, ɗaya ya yi can.

Sai wani daga cikin dagatai ya ce, yadda kowa zai ji, "To, in haka boko ka kai mutum sama shi sako shi, mu dai mu tsaya ƙasa." Aka fashe da dariya.

Na je na ɗauko gaban jirgin. Injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, farfela ta ƙi motsi. Hakimi ya sa aka kira mu. Muka durƙusa. Ya dubi Malam, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Makaniki, mi yaf faru?"

Ban tsaya tunani ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, mai na. Man zurmar da anka kawo muna akwai ruwa ciki."

Ban ambaci suna ba, amma Kebbe ba wanda bai san wadda ta yi man ba, don ita da kanta ta yi ta faɗa da murna. Na ji maganar tana tafiya baki-baki har gindin tsamiya. Da na waiga na ga Inna Hajo ta ja mayafi ta rufe kai, ta bi ta bayan mata ta tafi.

Da muka koma Tambuwal na kwance injin. Fistin ya ƙone ya yi shuɗi, jikin silinda duk ya karce, ko ɗigon maiƙo babu. Na ɗauki katin aikin na rubuta cewa ruwa a cikin man zurma ne ya kashe shi, na sa hannu. Malam bai zarge ni da komai ba, har godiya ya yi mini kan wahalar da na sha. Yaran da aka samu a sabon ajin ba su taka kara sun karya ba. Direbanmu, da yake zuwa Kebbe duk mako, ya kawo labari yana dariya, wai yanzu a kasuwa ana kiran tsohuwar mai kashe jirgi, mata kuma sun daina sayen man gyaɗarta, suna cewa wadda ta zuba wa jirgi ruwa ai ba za ta bar na miya ba. Na taya shi dariya. Sau biyu na nufi makaranta in gaya wa Malam, sau biyu ina kaiwa bakin ƙofa na juyo.

Bayan mako uku, ranar kasuwar Tambuwal, Malam Isa yana gareji yana duba katunan wata. Sai ga Malam Haliru ya yi sallama, Inna Hajo tana bayansa, ƙafafunta duk ƙura. Ashe motar 'yan kasuwa ta biyo tun da safe. Ta gaida foman, sannan ta juyo wajena, ta durƙusa. Tsohuwar da ta haifi kamata ta durƙusa mini. Ta fito da wata kwalba daga cikin ƙwarya.

Ta ce, "Ɗana, na zo ba da haƙuri. Na yi ta tunani, ban gane inda ruwan yab bi ba, amma ku kun san inji, ni ban sani ba. Wanga na dafa shi har sau biyu. Ka gwada min. In akwai ruwa ka faɗa min gaskiya, in bar sana'ar, don ke nan idona ya tafi."

Na miƙa hannu in karɓa. Ita kuwa idonta ya wuce ni, ya tsaya a kan kantar da ke bayana. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe a hankali, ta nuna.

Ta ce, "Waccan ba ɗaurina ba na?"

Malam Isa ya tashi ya sa hannu bayan gwangwanaye ya jawo kwalbar. A cike take har wuya, totuwar na nan, ƙullin ƙyallen ko taɓa shi ba a yi ba. Ya ajiye ta a kan tebur. Ya ce a kawo sauran sifirit da kwalabe biyu farare. A ɗaya ya zuba sifirit da man Inna Hajo, na tsohuwar kwalbar, ya girgiza. A ɗaya ya zuba sifirit da man mota, ya girgiza. Ya jera su a bakin taga, ya zauna. Ta farko ta haɗe garau kamar ruwan shayi, ta zauna haka. Ta biyu, tun muna kallo, ta fara rabuwa, man ya kwanta a ƙasa, sifirit zalla ya taso sama.

Sai ya zaro katin ya miƙo mini. Ya ce, "Ummaru, karanta muna abin da kar rubuta."

Na karanta. Ya ce, "Ban ji ba." Na sake karantawa da ƙarfi. Daga nan na faɗi duka, tun daga ranar da na ture kwalbar har lokacin da na shafa fiffike na ji a bushe na yi shiru.

Malam Haliru ya ce, "Na tambaye ka, Ummaru. Gaban mutane na tambaye ka." Bai ƙara ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Malam Isa ya ce, "Inji ko ni na kashe, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Da shi kaɗai na, da gargaɗi zan yi ma. Amma ka sa hannu ga ƙarya, kuma ka ɗora ta kan wadda ba ta iya kwance inji ta kare kanta. Bana ba ka zama jarrabawa. Ka rubuta sabon kati, a liƙa shi bisa tsohon, kada a yage. Sauran kuma ba a nan ka ɓata ba, Kebbe ka ɓata."

Ranar kasuwar Kebbe na je. Na fara da gidan hakimi, na durƙusa na faɗi abin da na yi. Ya girgiza kai, ya haɗa ni da wani bafade. Muka shiga kasuwa har rumfar masu mai. Bafaden ya tsayar da mutane, ni kuma na tsaya kusa da tulun Inna Hajo, na cire hula, na ce man tsohuwar nan ba a ma buɗe shi ba, ni na zuba abin da aka hana ni, ni na kashe jirgin, ni na yi mata ƙarya. Sau uku na faɗa, don kasuwa na tafiya, waɗanda suka ji na farko ba su ne na ƙarshe ba. Wasu suka yi dariya, wata mata ta yi mini daƙƙuwa da hannu biyu. Da na gama na durƙusa gaban Inna na ce ta yafe mini.

Ba ta dube ni ba, tana goge ludayinta. Ta ce, "Na ji. Allah shi yafe muna baki ɗai. Matsa, kana tare min masu saye."

Masu sayen ba duka suka dawo ba. Ƙaryar ta shiga ƙauyukan da gyarana bai kai ba. Bayan wajen shekara Malam Haliru ya samu wani injin, ya sake gina jirgin. Ya kira ni in daidaita masa allura, amma man da hannunsa ya haɗa, a gabana. Jirgin ya tashi a gonar nan, ya sauka lafiya, fiffikensa sharkaf da man zurma. An aika wa Inna Hajo ta zo ta gani, ta ce ta ga na farko, ya ishe ta. Har ta rasu tana amsa gaisuwata, amma daga ranar garejin nan sunana a bakinta makaniki ne kawai, ba ta sake ce mini ɗana ba.

Abin da na koya a kan mai ba shi da yawa: kowane inji da abin da aka yi shi ya sha, kuma gwajin minti ɗaya ba gwaji ba ne. Wanda ya fi shi ne wannan. Sana'armu ta mutanen da ba sa ganin cikin inji ce. Direba, da mai kawo mai, da mai kayan, duk abin da ka ce shi ne, don ba su da hanyar musa maka. Har wanda ba shi da laifi sai ya yarda yana da shi, ya zo ya ba ka haƙuri. Saboda haka in an tambaye ku me ya kashe inji, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba tukuna. In kuwa ku ne, ku faɗa nan take, tun injin yana da zafi. A Kebbe da na faɗa a gaban hakimi, da dariyar yini ɗaya za a yi mini. Na guje mata, tsohuwa ta ɗauke ta a madadina, kuma ba ta yini ɗaya ba.